Gaskiya ko Jita-jita: Lambar da ke Jikin Kayan Tare Zafi

Har gobe magini a Kazaure da inci yake kiran bulo, mai inci shida ko mai inci tara, fili kuma ƙafa 50 da ƙafa 100, ko da yake Najeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu kuwa da mita ake koya masa lissafi. A kan tsawon bango ba a samun saɓani, domin tef ɗaya yana ɗauke da awon biyu. Inda ake tafka asara shi ne wajen lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa abu.

Ana cewa wanda lambarsa ta fi girma ya fi tare zafi. Jita-jita ce. Wannan lamba tana auna saurin wucewar zafi ne, don haka ƙaramarta ake nema. A awon zamani, wanda ake rubutawa W/mK, tagulla tana wajen 400, ƙarfe wajen 50, kankare tsakanin 1 da 2, katako wajen 0.15, farin soson nan da ke cikin bangon kula wajen 0.035. Amma akwai wata lamba dabam mai harafin R a gabanta, wadda ke auna ƙarfin tarewa, ita kam babbarta ce mai kyau. Mai gina ɗakin ajiye ƙanƙara da ya cakuɗa su biyun zai zuba kuɗinsa a inda ba shi ya nufa ba.

Ana kuma cewa idan takardu biyu suka nuna lamba daban, lalle ɗayan kayan jabu ne. Ba dole ba. Soson nan mai 0.035, idan takardarsa daga Amurka ta fito, za a iya ganin 0.24, domin can da BTU da inci da ƙafa da Farenhait suke awo. Tsohon littafin Turai mai amfani da kilokalori zai rubuta 0.030. Wani littafin kuma mai BTU da ƙafa zalla, ba inci, zai ce 0.020. Soso ɗaya ne, lambobi huɗu. Hanyar dawo da su awon zamani ba ta da wuya: mai inci a ninka da 0.144, mai ƙafa zalla da 1.73, mai kilokalori da 1.163. Wanda ya ɗauki mai inci a matsayin mai ƙafa ya yi kuskure ninki 12. Haka ma R: ta Amurka a raba ta da 5.68 kafin a jera ta da ta awon mita. Wannan ya shafi ɗan kasuwar Babura kai tsaye, tunda a bakin iyakar Nijar yake, inda mita kaɗai aka sani.

Ɗalibai suna da tasu jita-jitar, wai tunda akwai Farenhait a ciki sai an cire 32. A'a. Tazarar zafi tsakanin ciki da waje ake aunawa, kuma tazarar digiri 1 a awon zamani daidai take da 1.8 a Farenhait. Ba abin da ake cirewa.

Maganar da ta fi zama a zukatan mutane ita ce ɗakin ƙasa yana da sanyi saboda zafi ba ya ratsa ƙasa. Sanyin gaskiya ne, duk wanda ya taɓa shiga soro a Roni ko Gwiwa da azahar ɗin watan Afrilu ba ya buƙatar shaida. Dalilin ne aka kuskure. Jar ƙasar gini tana tsakanin 0.5 da 1, wato ta fi kankare dama-dama, amma ta ninka soso wajen barin zafi ya wuce sau 14 zuwa sama. A ɗauki 0.8. Bango mai kaurin santimita 40 zai ba da R na 0.5, soso mai santimita 5 kacal zai ba da 1.4. Sai bangon ya haura mita guda kafin ya kamo shi.

To ina sirrin? Kauri da nauyi. Katangar tubali tana shanye zafin rana a hankali, kafin ya iso ciki an daɗe da yin la'asar, da dare kuma ta mayar da shi waje. Shi ya sa a tsakiyar bazara, lokacin da daren ma ba ya hucewa, masu soro ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Magina na da ba su san W/mK ba, amma sun san amfanin bango mai faɗin gindi, da ƙananan tagogi, da rufin azara da aka lafta wa ƙasa. Abin yana damuna idan na ga an rushe irin wannan ɗaki an ɗora bulo mai inci shida da kwano ba silin, sannan a ce an ci gaba, alhali yara da tsofaffi ne za su yini a cikinsa.

Saura batun kwano. Wasu na cewa na alminiyom ya fi sanyi don zafi ba ya bin jikinsa. Akasin haka ne, lambarsa ta haura 200, ninki huɗu na ƙarfe. Sai dai a rufin da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, wannan bambanci ba ya tasiri, dukansu nan take zafi ke ratsa su. Abin da ke raba su shi ne fuska: mai ƙyalli ko fari yana mayar da hasken rana, mai tsatsa ko baƙin fenti yana shanye shi. Wanda kuɗinsa bai kai na sabon rufi ba, ya fara da silin, ya kuma bar kafar da iska mai zafi za ta fita tsakaninsa da kwanon.