Dajin Yamai da alƙalamin magajin gari

A shekarar 1965 hukuma ta soma dasa itatuwa, galibinsu dogon yaro, a gefen birnin Yamai. Nufinta shi ne a yi wa birnin ɗamara mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita guda, wadda za ta tare ƙurar hunturu, ta rage zafin bazara, ta kuma riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. An yi shekaru kusan talatin ana wannan aiki.

Wanda duk ya bi ta wurin yanzu zai ga gidaje da shaguna da juji a inda inuwa take a da. Ba fari ya ci dajin ba. Yanka shi aka yi fili-fili, kuma waɗanda suka saya suna riƙe da takardunsu masu hatimi.

In ana zancen canjin yanayi, hankali yakan tafi manyan tarurrukan ƙasashen waje. Amma rabon filaye, da haƙa magudanan ruwa, da kwashe shara, duk a ma'aikatar magajin gari ake yanke su, ko shugabanta zaɓaɓɓe ne ko naɗa shi aka yi. Damina kuwa ba ta duba hatimi. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya fasa madatsai, ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga. A 2024 ruwa ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa a Maraɗi, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya faɗi. Ruwan ya yi yawa, gaskiya ne, amma gidan da aka gina a kan hanyar ƙorama, da magudanar da leda ta toshe, aikin mutane ne. Dokar hana leda tana nan tun 2014; mai shakka ya leƙa kasuwa ya ga inda ta kwana.

Manoman karkarar Maraɗi sun riga birane. Tun wajen 1984 suke barin kututture ya tofo a gonakinsu, suna yi masa sassabe, har itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta. Mu kuwa tun 1975 muke dashe kowace ranar 3 ga Agusta. Abin da ya kamata kowace ma'aikatar magajin gari ta bayyana kafin bikin baɗi shi ne yawan dashen bana da ya rayu, da sunan wanda aka ɗora wa ban ruwansa.