Abin da ke cikin kunnen mawaƙi a kan dandamali

A unguwar Lamisula da ke Maiduguri, kamar sauran tsofaffin unguwannin birnin, daren wushe-wushe na bikin Barebari ya saba da ganga kura da algaita. Makaɗan kan tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin bugun ɗan'uwansa da kunnensa. Haka marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi zamaninsa tsakanin masu kalangu da 'yan amshi. Amma da manyan lasifikoki suka shigo, sai aka fara ganin mawaƙa da wata 'yar na'ura a kunne. Wasu 'yan kallo kan ɗauka ana karanta wa mawaƙin baitoci ne, alhali dalilin ya fi haka nauyi.

Lasifikokin taro jama'a suke fuskanta, sun ba mawaƙi baya. Abin da ke isa kunnensa shi ne amsa-kuwwar da ta bugi bango ta dawo. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka katangar da ke nesa da mita 35 za ta mayar masa da muryarsa bayan kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Wannan jinkirin ya isa ya sa shi saɓa wa kiɗa. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta sha wannan wahalar a filin Shea na New York a 1965, inda ihun mutum sama da 55,000 ya danne kiɗansu. A 1966 suka daina yawon wasa.

Maganin farko shi ne ƙananan lasifikoki a ƙasa masu fuskantar mawaƙi, sai dai suna jawo ƙugi idan makirufo ya kama sautinsu. Daga shekarun 1980 mawaƙa irin su Stevie Wonder na Amurka suka koma ga na'urar kunne. Injiniyan sauti na aika wa kowa haɗin da ya dace da shi ta wata 'yar akwatin rediyo da ke maƙale a ƙugu: mawaƙi ya ji muryarsa sama da komai, mai ganga ya ji bugun da ke riƙe masa lokaci.

Babban amfaninta kuwa kare ji ne. Ana ƙera masu inganci daidai da siffar kunnen mai ita, su toshe hayaniyar waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin rasa ji, kuma a 2022 ta shawarci wuraren nishaɗi kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100. Ƙwayoyin jin da ke cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Shi ya sa masana ke gargaɗi kan cire na'ura ɗaya, domin mawaƙin kan ƙara ƙarfin ɗayar.

Jami'an da ke shirya tarukan gwamnati a Dandalin Eagle na Abuja ko a jihohi kan zuba kuɗi a lasifikokin jama'a, su manta da na mawaƙi. Ya kamata kasafin kayan sauti ya haɗa da na'urar kunne da ƙwararren injiniya, domin da kunnensa mawaƙi ke cin abinci.