Yadda Sha'awar Goge Mota Take Sauya Idon Mutum

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan wata mota mai kyau ta shigo harabar makaranta ranar ziyarar iyaye, abubuwa uku muke fara dubawa: sunan kamfanin da ya ƙera ta, launinta, da kuma ƙyallinta. Da zarar mun ga tana walƙiya, sai mu yanke hukunci cewa mai ita mutum ne mai tsafta. Amma akwai wasu mutane da ba su kallon mota daga nesa kamar yadda muke yi. Sukan matso kusa, su sunkuya, su kalli ƙofar ta gefen da hasken rana yake faɗuwa a kanta. Waɗannan su ne masu sha'awar abin da Turawa ke kira ditelin, wato wankin ƙwaƙwaf da ake yi wa mota ciki da waje, lungu da saƙo. A wannan ɗan rubutu za mu yi bayanin abin da wannan sha'awa take koya wa mai ita, da yadda take sa ya riƙa karanta mota kamar yadda muke karanta littafi.

Asalin sha'awar

Wannan sha'awa ta fi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, kuma ta girmi yawancin motocin da muka sani. A shekarar 1901 wani Ba'amurke mai suna Frank Meguiar ya fara haɗa man goge kujeru da tebura a gidansa. Da yake akwai katako da yawa a jikin motocin wancan zamani, sai masu motoci suka shiga amfani da man nasa, har ya zama babban kamfani. Haka kuma tun 1950 ake gudanar da gasar nuna kyawun motoci a Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya, al'adar da ta samo asali daga Faransa tun zamanin keken doki. A irin wannan gasa alƙalai sukan duba har cikin inji da bayan kujeru. Sai dai yawancin masu sha'awar ba su da ruwa da gasa. Mutane ne kawai da suke ɗaukar yinin Asabar a ƙofar gida da bokiti da tsumma, suna hidimar motar da suke zuwa aiki da ita.

Darasi na farko: fenti fata ne

Abu na farko da mai wannan sha'awa yake ganewa shi ne, fentin mota ba launi ba ne kawai. Fata ne mai hawa-hawa. A motocin zamani akwai shafi na farko da ke kare ƙarfe daga tsatsa, sai na share fage, sai na launi, sannan a sama akwai wani shafi garai-garai kamar gilashi wanda shi ne yake ba da ƙyalli, yake kuma kare launin daga rana. Wannan shafi na sama ya yaɗu ne a masana'antun mota a shekarun 1980. Shi ya sa idan aka goge tsohuwar mota mai fenti irin na da, tsumma kan ɗauko launin motar, amma a sabuwa ba ya ɗaukowa.

Ana auna kaurin fenti da wani ma'auni da ake kira maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duka hawan nan huɗu idan aka haɗa su yawanci ba su wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kusan kaurin takardar da muke rubutu a kai ke nan. Shafin sama shi kaɗai kuwa yakan tsaya tsakanin maikiron 35 zuwa 50, bai kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Duk wanda ya san wannan lissafi, hannunsa zai yi sanyi idan ya zo taɓa mota, domin ya san abin da ya raba ƙarfe da ruwan sama bai fi fallen takarda ba.

Darasi na biyu: wanki ma yana ɓata mota

Idan muka tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana, muka dubi inda hoton rana ya fito a jikinta, sau da yawa za mu ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Waɗannan ƙananan karce ne, kuma abin mamaki, yawancinsu wajen wanki aka yi su. Idan aka tsoma soso a bokiti ɗaya tun daga farko har ƙarshe, yashin da aka ɗebo daga ƙasan mota yakan dawo cikin soson, sai a riƙa dirza shi a kan fenti da sunan tsafta.

Wannan matsala ta fi tsanani a wajenmu lokacin hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri wanda har gilashi yana iya karcewa, balle fenti. Saboda haka direban da ya tashi da sassafe ya share ƙura da busasshen tsumma, tamkar ya bi motar da takardar yashi ce ta kafinta.

Don kauce wa haka, masu sha'awar suna da ƙa'idoji. Sukan fara kwarara ruwa don ƙurar ta sauka da kanta. Sukan yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin sabulun. Sukan fara daga rufi su gangaro ƙasa, su ware wani soso daban domin tayoyi. Ba su wanki a cikin rana, domin idan ruwa ya bushe a jiki yakan bar tabon gishirin da ke cikinsa, musamman ruwan rijiya. Ba su kuma amfani da garin sabulun wankin tufafi, domin yana kwashe kakin da ke kare fentin.

Darasi na uku: ƙyalli daban, tsafta daban

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi. Bayan an wanke mota ta bushe, mutum ya sa hannunsa cikin siririyar leda mai tsabta ya shafa jikinta a hankali. Sau da yawa zai ji wani kaushi kamar tsaki-tsaki, alhali ido yana ganin santsi. Wannan kaushi ɓarɓashin ƙarfe ne daga birki, da kwalta, da ƙaron itace, waɗanda suka kafe a cikin fentin, ruwa da sabulu ba su fitar da su. Ana cire su ne da wani abu mai danƙo kamar yumɓu, wanda aka fara amfani da shi a Japan. Idan aka shafa kaki ba tare da an cire su ba, an yi kitso da ƙwarƙwata ke nan.

Sai bayan wannan ake zuwa ga kariya. Shahararren kakin da ake amfani da shi ana kiransa karnauba, ana samunsa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa yake jure rana. A 'yan shekarun nan kuma an samu wani ruwan kariya mai sinadarin gilashi wanda yake daɗewa fiye da kaki. Alamar cewa kariya tana nan ita ce ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Don haka ko ruwan sama ake yi, mai sha'awar yana kallon yadda ɗigon ya zauna a kan motocin mutane.

Idon da ke karanta tarihi

A nan ne amfanin sha'awar yake wuce batun ado. Yawancin iyayenmu tsofaffin motoci suke saye, kuma sau da yawa da kuɗin da suka yi shekaru suna tarawa. Mai sayarwa zai iya rantsewa cewa mota ba ta taɓa yin haɗari ba, amma jikinta yana da nasa labarin. Wanda ya saba da fenti zai lura idan launin ƙofa ɗaya ya ɗan saɓa da na 'yar'uwarta, ko kuma fuskar fentin ta yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo a wuri guda. Zai duba robar gefen gilashi ko akwai feshin fenti a kanta. Zai duba ratar da ke tsakanin ƙofa da jiki ko ta yi daidai a hagu da dama, ya kuma duba kan notuna ko sifana ta taɓa cizonsu.

Wasu ma suna da 'yar na'urar auna kaurin fenti. Idan ta nuna ninkin abin da aka saba gani, alama ce an sake fenti. Idan kuwa ta haura zuwa ɗaruruwa masu yawa, to akwai cikon da mai gyaran bodi ya yi don rufe lotsawa. Ko ɗan mayen ƙarfe ma yana taimakawa, domin ba ya kama jikin ƙarfen mota sosai a inda ciko ya yi kauri. Sake fenti ba laifi ba ne, amma ya kamata mai saye ya san abin da ke ƙarƙashi kafin ya biya kuɗi ya ɗora iyalinsa a ciki.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, wannan ido yana da nasa wahalar. Wanda ya koyi ganin karce ba ya iya daina ganinsa. Yakan ƙi ajiye mota a inuwar bishiya don gudun kashin tsuntsaye, wanda da gaske yana cin fenti idan ya kwana a rana. Yakan ɓata rai idan yaro ya jingina da ita. Wani har yakan ƙi ɗaukar maƙwabci don kada takalminsa ya ɓata shimfiɗa, alhali don hawa aka yi mota.

Bugu da ƙari, ana kawar da karce ne ta hanyar kankare fentin da ke kewaye da shi har ya yi daidai da zurfinsa. Ke nan duk gugar da aka yi da inji tana rage shafin sama, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Idan shafin ya ƙare, sai fentin ya dusashe ya fara saɓa, babu magani sai sabon fenti. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Shi ya sa gwanaye na gaskiya sukan bar karce mai zurfi yadda yake. Sun kuma san cewa ƙyallin jiki ba ya tsayar da mota. Birki da taya da baƙin mai su ne a gaba.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, ko da yake babu mai mota a cikinmu, muna da kekuna da takalma da kayan ɗakin gwaje-gwaje, kuma ƙa'idar ɗaya ce: a san abin da aka yi kaya da shi kafin a dirje shi, rigakafi kuma ya fi magani. Saboda haka idan mota ta sake shigowa harabar makaranta, mu matsa mu dubi inda rana ta faɗa a jikinta, mu ga abin da za mu iya karantawa. Muna kuma roƙon ƙannenmu 'yan aji ɗaya masu rubuta "a wanke ni" da yatsa a kan ƙurar motocin malamai da su daina. Ruwa zai wanke ƙurar, amma rubutun yana nan a jikin fentin.