Hazon Haɗeja: Rabi Daga Chadi, Rabi Daga Murhu da Gona

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, rana kan fito a Haɗeja fara fat kamar faifai, har mutum ya iya kallonta ido da ido. Direbobin hanyar Kano su kunna fitila da hantsi, leɓe ya tsage, yara su yi ta haɓo. Kowa ya ce hunturu ne, a bar zancen a nan.

Hunturun kuwa yana da gida. Yawancin ƙurarsa na tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kusan kilomita 1,000 daga Jigawa. Wurin gindin tsohon Tafkin Chadi ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Wani ya sauka a Damagaram da Nguru da Haɗeja, wani ya tsallake Tekun Atlantika har dajin Amazon. Wannan babu sarkin da zai hana shi.

Sai dai ba duk abin da ke shiga huhun Bahaɗeje ne baƙo ba. Garin Haɗeja yana zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a bakin kogi, fadamu na kewaye da shi. A daren sanyi, idan iska ta kwanta, ƙasa kan huce da sauri, iska mai sanyi ta taru a ƙasa-ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama. Hayaƙin da aka tayar a wannan lokaci ba ya samun hanyar tashi. Shi ya sa da asuba ake ganinsa a miƙe a kan rufin gidaje da saman fadama, daidai tsayin hancin masu zuwa masallaci da 'yan makaranta, sai rana ta ɗaga sannan ya watse.

Kuma lokacin ne hayaƙi ya fi yawa. An gama girbin damina, manomi na sauri ya share fili don noman rani na shinkafa da alkama, sai ya cinna wa ciyawa wuta. Masu yaƙi da kacala, ciyawar nan da ta toshe magudanan ruwa tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, su ma wuta suke sa mata idan ta bushe. A bayan injinan casa, tsibin buntu kan yi kwanaki yana ci a hankali ba harshen wuta, sai turnuƙu. Ga matan da ke turara shinkafa da itace, ga masu bandar kifi, ga samarin da ke jin ɗumi da tsohuwar taya da leda, wadda ita ce mafi muni a ciki.

Abin tsoron shi ne wanda ido ba ya gani. Masana suna auna ɓurɓushin da bai wuce maikiron 2.5 ba, wato ya fi silin gashi siranta kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare shi. Yakan wuce can cikin huhu, wani ma ya shiga jini, ya tayar da asma, ya kawo ciwon huhu ga jarirai, ya ƙara wa mai hawan jini da ciwon zuciya nauyi. Busasshiyar ƙura kuma tana raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da ake dangantawa da yaɗuwar sanƙarau a rani. Dattawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya.

Manomin da ya zame masa dole ya yi ƙuna, gara ya yi da tsakar rana, lokacin da iska ke ɗaga hayaƙi, maimakon bayan magariba. Wanda ya bar ciyawar shinkafa ta ruɓe a gona ko ya sayar wa makiyaya ya ma fi riba, tunda wuta takin ƙasar take ci. Mai goyo kada ta tsaya a kan murhu da yaro a baya, kuma girki a fili ya fi na cikin rufaffen kicin. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe taga da tsumma yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Haka ma janareto a zaure. Rawani ko gyale yana tare ƙasa mai kauri kawai, ƙananan ɓurɓushi sai takunkumi irin N95. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko awazunsa ke lotsawa idan ya ja iska, ko wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, asibiti za a kai shi a ranar, kada a tsaya jiƙo.