Bayan an kwance ɗauri: abin da ya kamata ku sani game da gashin ƙashi

Malanville, a arewacin Benin, gari ne na masu ci da guminsu. Ga 'yan dako da buhunan albasa da masara a babbar kasuwa, ga manoman shinkafa a bakin Kogin Isa, ga 'yan kabu-kabu, ga direbobin da ke jan manyan motoci sama da kilomita 700 daga Kwatano. Bayan da aka rufe gadar kan iyaka da ke tsallakawa Gaya a 2023, kaya da yawa ya koma kwalekwale, wuya da gadon baya suka ƙara shan nauyi. A irin wannan gari, targaɗe da karaya da ciwon baya ba baƙi ba ne.

Inda muke yin asara shi ne bayan ɗori. Ƙashin babba kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, kuma a tsawon wannan lokaci naman da ke kewaye da shi yana ramewa, gaɓar tana sandarewa. Sai a kwance ɗauri, a ga ƙashi ya kama, a yi hamdala a watse, alhali gwiwa ba ta lanƙwashewa, hannu ba ya kai loma baki. Nan ne aikin likitan gashin ƙashi, wanda asibitocin Benin ke kira kine, yake farawa. Da hannunsa yake motsa gaɓar a hankali, sannan ya koya wa majinyaci motsa ta da kansa, daga baya a ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har ƙarfi ya dawo. Tausa da gashi da na'urorin lantarki suna rage zafi don a samu damar motsi, amma atisayen da mutum zai riƙa maimaitawa kullum a gida shi ne jigon maganin. Jin ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi ba ne. Zafin da ya kwana ya wuni, ko kumburin da ya ƙaru, alama ce an wuce gona da iri.

Sabon rauni kuwa ba ya son ɗumi. A kwana biyu ko ukun farko, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaga wurin sama, a huta. Ruwan zafi da murza da ƙarfi sai dai su ƙara kumburi. Gwiwar hannu musamman, idan aka yi ta murɗa ta da ƙarfin tsiya, takan ƙara ƙagewa.

Ba na raina maɗori, don shi ne na kusa, kuma akwai gwanaye. Amma ɗaurin da ya matse yana tare jini. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canja launi, suka daina ji, ko zafi ya yi ta hauhawa, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Jinkiri a nan ya sha jawo yanke hannu ko ƙafa, har na ƙananan yara. A ɗauki hoton ƙashi tun farko, ya fi arha.

Ciwon baya kuma, yawancinsa yana lafawa cikin 'yan makonni, kuma doguwar kwanciya ba ta taimaka masa. Tafiya da ƙananan ayyuka sun fi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2023, ta ce kada a mayar da ɗamarar baya da magunguna irin su tramadol abin yau da kullum ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Wannan ƙwaya tana rufe bakin ciwo ne kawai, ɗan dako ya koma ƙarƙashin buhu raunin na ƙaruwa, ƙarshe ya kasa rabuwa da ita. Sai dai idan ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi, ba na atisaye ba ne, na gaggawa ne.

Likitocin gashin ƙashi kaɗan ne a arewacin Benin, makarantarsu tana Kwatano, wani lokaci sai an kai mutum Parakou. Don haka ranar da za a cire muku filasta, kada ku tashi sai an nuna muku motsin da za ku riƙa yi, sau nawa a rana, da ranar dawowa.