FASHIN BAƘI: Ƙarafan da suka saɓa wa ƙa'idar kimiyya, da dalilin da ya sa har yanzu ake muhawara a kansu

A duk wayar da lantarki ke bi, wani kaso na ƙarfinsa yakan salwanta ya koma zafi, saboda tirjiyar da ƙarfen ke yi masa. A shekarar 1911, Heike Kamerlingh Onnes ya gano a birnin Leiden na ƙasar Holan cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, wannan tirjiya tana gushewa baki ɗaya. A kan wannan ɗabi'a aka gina maganaɗisun na'urar MRI ta asibitoci. Matsalar ita ce sanyin da ake buƙata yana cin kuɗi ƙwarai.

Ƙa'idar da aka yarda da ita

Sai a 1957 masana uku a Amurka, Bardeen da Cooper da Schrieffer, suka bayyana sirrin al'amarin. Ƙwayoyin lantarki, wato ilektoron, waɗanda bisa ɗabi'a suke ture juna, sukan haɗu bibbiyu ta hanyar girgizar ƙwayoyin zarra na ƙarfen, sa'annan su gudana tare ba tare da cikas ba. Wannan nazariyya ta samar musu da lambar yabo ta Nobel a 1972. Bisa wannan fahimta, maganaɗisu abokin gaba ne: ɗan ƙanƙanin sinadari mai maganaɗisu ya isa ya raba waɗannan tagwaye.

Abin da ya rikita lissafi

A 1979, Bajamushe Frank Steglich da abokan aikinsa suka sami wannan ɗabi'a a cikin CeCu2Si2, gamin seriyom da jan ƙarfe da silikon, a wajen rabin digiri sama da iyakar sanyi. Abin mamakin shi ne gamin cike yake da ƙwayoyin seriyom masu maganaɗisu. Masana da dama sun yi tababa, har sai da aka ga irin haka a gamin yuraniyom, UBe13 a 1983 da UPt3 a 1984.

A cikin waɗannan ƙarafa, ilektoron na tafiya kamar nauyinsa ya ninka sau ɗaruruwa, wani lokaci har kusan dubu. Nauyinsa na ainihi yana nan yadda yake. Mu'amalarsa da ƙwayoyi masu maganaɗisu ce ke ja masa ƙafa, kamar mai ratsa kasuwa ana tsayar da shi a kowace rumfa. Daga nan aka sa musu suna "famiyon masu nauyi".

Aikin masu lissafi

Tushen bayanin ya faro daga Jun Kondo na Japan, wanda a 1964 ya nuna yadda ilektoron masu gudana ke kewaye ƙwaya ɗaya mai maganaɗisu su danne ƙarfinta. A 1977 Sebastian Doniach ya nuna cewa idan irin waɗannan ƙwayoyi suka cika ƙarfe, ana samun ja-in-ja tsakanin ƙarfi biyu: ɗaya na neman danne maganaɗisun, ɗayan na neman jera shi cikin tsari. A daidai gaɓar da ƙarfin biyu suka yi kunnen doki ne aka fi ganin tirjiya ta gushe. Gwajin da aka buga daga Jami'ar Cambridge a 1998, inda aka matsa CePd2Si2 da CeIn3 da ƙarfi mai yawa, ya ƙarfafa ra'ayin cewa jujjuyawar maganaɗisun ce da kanta ke haɗa tagwayen.

Sai dai har yau babu tsarin lissafi guda da ya gamsar da kowa. Yanayin kowane ilektoron ya dogara ga na sauran, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙwaya ɗaya a lissafin, aikin kwamfuta na ninkawa. Shi ya sa ake dogaro da ƙiyasi, ƙiyasin kuma yakan saɓa wa juna.

Me ya shafi jama'a?

Waɗannan ƙarafa ba za su zama wayar lantarki ba. Ko PuCoGa5, da aka gano a Los Alamos a 2002 kuma ya zarce sa'o'insa, sai a kimanin digiri 18 sama da iyakar sanyi yake aiki. Amfaninsu shi ne sun yi kama da gamin jan ƙarfe da Bednorz da Müller suka gano a Zurich a 1986, wanda danginsa ke aiki a sanyin da bai kai haka tsanani ba, kuma shi ma ba a gama fahimtarsa ba. Warware ɗaya na iya buɗe ƙofar ɗayan.

Rashin tabbatacciyar nazariyya na da illarsa. A Yulin 2023, iƙirarin wasu masu bincike a Koriya ta Kudu cewa sinadarin LK-99 na aiki ba tare da sanyaya ba ya mamaye kafofin sada zumunta. Cikin makonni, ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suka nuna ba haka ba ne. Muddin lissafi bai iya nuna wa masu bincike inda za su duba ba, neman irin wannan ƙarfe zai ci gaba da dogara ga gwaji ɗaya bayan ɗaya, wanda ke buƙatar kuɗin gwamnatoci na shekaru masu yawa.