Littafin Da Aka Jefa A Murhu

Ran nan da hantsi na je gaida yayana, sai na tarar da ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha uku, tsugune a bakin murhu yana sharɓar hawaye, ga wani littafi ya zama toka, ba abin da ya tsira sai rabin bangonsa mai hoton wani barde da sulke da kwalkwali, ya zare takobi a gaban dodo. Na ce, "Yaya, me littafin nan ya yi?" Ya ce ai an daɗe ana faɗa a majalisarsu cewa irin waɗannan littattafai, da na Turawa da na marubutanmu na Kano, makarantar tsafi ce aka lulluɓe da labari, yaro ya karanta biyu ko uku sai ya fara kiran aljanu. Na ce, "To, Yaya, ka karanta shi?" Ya ce, "Allah ya kiyaye!" Wannan ne karo na uku da na ji wannan zance a bana, kuma haƙurina ya ƙare.

Abin da ake magana a kai dai hikayoyi ne ƙagaggu na zamanin ganuwa da dawaki, masu aljanu da matsafa, waɗanda mawallafansu suka nisanci batsa da ashar, suka gina labarin bisa wata aƙida ta addini.

To, shubuhar da ta ruɗi yayana da abokan hirarsa ita ce sun ɗauka ambaton abu da koyar da shi duk ɗaya ne, alhali malamai tun tuni sun yanke cewa wanda ya hakaito kafirci ba ya kafirta don hakaitowar. Ba ina kwatanta zancen Mahalicci da na halitta ba ne, subhanallahi, amma kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar masihirtan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu, kuma ba mu taɓa jin wanda ya koyi sihiri daga gare ta ba, illa dai ya ga yadda ƙarya ke rushewa in gaskiya ta zo. In kuwa ƙagen labarin ne laifi, to sai a fara da zaurukan malamanmu, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana karantar da Muƙama ta Hariri, wanda ya rasu a 1122, alhali Abu Zaidi ɗan Saruja da ya cika littafin da wayo da damfara bai taɓa taka doron ƙasa ba. Daga wannan rijiya Abubakar Imam ya ɗebi ruwa da ya rubuta Ruwan Bagaja a gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. A gasar nan kuma wansa, Malam Bello Kagara, ya shigar da Gandoki, labarin jarumin da ya gwabza da Nasara, ya yi gabas, ya faɗa ƙasashen aljanu yana yaƙi don ɗaukaka addini. Mutumin da ya rubuta wannan ya yi alƙalanci, har ya zama Walin Katsina. Shi ne bai san haram ba, sai masu zaman majalisa?

Na Turawan ma, in an yi adalci, tuhumar ba ta kama su ta wannan fuska. Tolkien, shehin malami a Jami'ar Oxford ta Ingila, ɗan ɗariƙar Katolika ne mai riƙo, kuma littafinsa The Lord of the Rings, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955, tun daga farkonsa har ƙarshensa tafiya ce ta zuwa halaka wani zoben sihiri, wanda duk ya yi kwaɗayinsa sai ya ɓaci, har dattijon nan Gandalf da aka miƙa masa shi ya ƙi karɓa don tsoron abin da zai mai da shi. Littafin da ya ƙare da jefa kayan tsafi a wuta, shi ne yau ake jefawa a wuta da sunan yana koyar da tsafi! 

Inda ya kamata uba ya buɗe ido shi ne aƙidar da ke ƙarƙashin labarin, domin littafi yakan tsarkaka daga alfasha amma ya zo da wa'azin wani addini. C. S. Lewis, abokin Tolkien, ya wallafa littattafan Narnia guda bakwai daga 1950 zuwa 1956, kuma zakin nan Aslan da aka yanka a kan teburin dutse a madadin yaro mai laifi, sa'an nan ya tashi da rai, kowane Kirista ya san wa ake nufi. Ga iyali Kirista wannan shi ne ribar littafin, ga iyali Musulmi kuwa mas'ala ce da ke bukatar bayani. A cikin littattafan kuma akwai mutanen Kalormen, masu rawuna da lanƙwasassun takubba, masu bautar wani gunki, waɗanda masu nazari da dama suka soki Lewis a kan yadda ya siffanta su.

Saboda haka, ya kai mahaifi, kafin littafi ya shiga hannun ɗanka ya fara kwana biyu a naka. In Ingilishi ne ba ka ji, ka ba ƙanenka ko malamin makarantar yaron ya karanta ya faɗa maka. Ka duba wa ke yin nasara a ƙarshe, boka ko mai dogaro ga Allah, ka duba yadda ake siffanta mata, ka kuma duba jini, don wasu littattafan yaƙi na kasuwa sukan cika shafi da sare kawuna har abin ya zama ƙazanta. Bayan sallar isha'i ka sa yaron ya ba ka labarin da bakinsa, ka tambaye shi wane ne Aslan a ganinsa, ka gaya masa abin da ma'abota littafin suka yi imani da shi da abin da gidanku ya yi imani da shi. In littafi bai yi maka ba, ka ɗauke, ka faɗi dalili, ka musanya masa da wani. Yaron da aka ƙona wa littafi a gabansa, gobe a ƙarƙashin katifa zai ɓoye na gaba.

Ni dai na sayo Gandoki na kai gidan, na damƙa wa yayana da sharaɗin shi zai fara karantawa. Yau kwana tara ke nan yaron bai samu ya taɓa shi ba, jiya kuma Yaya ya aiko a tambaye ni ko akwai kashi na biyu.